Yadda Safiyanu Ya Raba Motopom Gida Uku

Ranka ya daɗe Maigari, bayan gaisuwa. Ni ne Yunus, wanda aka fi sani da Mushe Yunus, wato Malam Yunus. Na koyar a lakwal, makarantar boko, shekara talatin da huɗu kafin in ajiye alli in koma garka. Ƙarshen abin da zan faɗa ka gan shi da idonka, har ya taɓa maka riga. Farkonsa ne ba ka gani ba, kuma a can hakkina yake. Saboda haka zan jera maka shi daki-daki, da ranakunsa.

Mu tara ne muke da garka a bakin kogi, ƙasa da gada. Motopom ɗaya gare mu, jan injin ban ruwa da wani porje na taimakon manoma ya ba mu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Tun ranar da aka kawo shi na samo allo, na buga a jikin giginya, na rubuta sunan kowa da ranarsa da lokacinsa. Mai rana ya zo da esansinsa, wato fetur, ya shayar da shukarsa, ya naɗe tiyo. Shekara goma sha ɗaya ba wanda ya ji kanmu. Garkata ita ce ta ƙarshe, taki ɗari uku da goma sha biyu daga bakin ruwa. Na ƙirga. A cikinta bana na dasa mangwaro ashirin da huɗu, waɗanda na yi wa aure da hannuna, reshen mai zaƙi a kan gindin mai ƙarfi. Irin wannan dashe, in ya wuce kwana huɗu a bazara bai sha ba, sai ya fara sunkuyar da kai.

Safiyanu ɗan marigayi Rashidu ne. Ni na koyar da shi a aji huɗu, shekara biyu a jere. Ya yi shekara ashirin yana jan kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Kotonu da Gaya. Da aka rufe gadar kan iyaka motoci suka tsaya, ya dawo ya gaji garkar ubansa. Abu biyu ya dawo da su: tumbi da littafi. Littafin wani fasinja ne ya manta a motarsa. Ba shi da bango, ya fara daga shafi na arba'in da ɗaya, ya ƙare a na ɗari da goma sha takwas. Kan sha'anin mulki yake magana. Safiyanu ya ce ya karanta shi sau tara a layin duwan, wajen ƴan kwastan, kuma duk ƙasashe huɗun da ya taka bai ga wanda ya fahimci mulki kamarsa ba.

Juma'ar farko ta watan Afrilu, bayan la'asar, ya tara mu a gindin giginya. Ya nuna allona da littafinsa.

Ya ce, "Mushe, wa ya zaɓi wannan allo?"

Na ce, "Ba wanda ya zaɓe shi. Allo ne."

"Kun ji da kunnenku. Shekara goma sha ɗaya katako yana mulkinku, ba zaɓe, ba wa'adi. Da Allah ya halicci kogin nan, ya rubuta masa Litinin da Alhamis?"

"Kogi ba shi da ranaku. Motopom ne yake da su, domin guda ɗaya ne."

"Haka duk masu kama-karya suke cewa. Kullum da hujjarsu."

Daga nan ya bayyana shirinsa. Daga yau garkokin nan tara jamhuriya ce. Kowa ɗan ƙasa ne mai ƴanci, ya sha ruwa lokacin da ya ga dama. Nan da shekara ɗaya za a riƙa zuwa daga Tanda da Karakara, har daga ƙetaren kogi, ana koyon tsarinmu. Ya ce a ɗaga hannu. Mutum bakwai suka ɗaga, har da shi, domin kowannensu ya daɗe yana zargin allon ya ci masa rabin awa. Inna Bibata, mai salati da zogale, tana tsaye da kwando a ka ta dafe shi da hannu ɗaya, aka ƙirga da ita. Takwas da ɗaya. A wannan zaman aka naɗa shi Perzidan, shugaban ƙasa.

Ya ce ni zan rubuta kundin tsarin mulki. Na rubuta, domin in ban rubuta ba shi zai rubuta, kuma na san rubutunsa. Sashe talatin da uku ya yi mini shifta a cikin sabon kaye, littafin rubutu irin na ƴan lakwal. Ina roƙon ka riƙe na goma sha biyu a ranka, za mu dawo kansa. Ga shi yadda ya faɗa: "Duk wanda ya yi amfani da mulki ya hana ɗan ƙasa ruwa, shi zai ɗebo masa ruwan daga kogi, a kansa, har shukar ta farfaɗo." Yana faɗa yana kallona. Ya sa na ja layi a ƙarƙashin "a kansa". Sannan ya cire allona, ya juya bayansa, ya rubuta JAMHURIYAR GARKA da fenti mai mai.

Asabar da safe mu tara muka iso tare, kowa da kwalbar esansinsa. Tiyonmu gutsure uku ne da ake haɗawa a ɗaure da roba. Kafin injin ya yi zafi, kowane gutsure yana hannun mutum uku. Wanda yake da ƙarti a gida ya aika aka kira su. Tiyo ya bi ta kan salatin Bibata sau uku, zuwa da dawowa da sake zuwa. Wani ya zauna a kan motopom ya ce ba mai ɗaga shi. Ruwan da ya fito rabinsa ya shayar da hanya.

Safiyanu ya hau kan suri ya harɗe hannu a baya. Ya ce, "Kun gani? Da wurin nan shiru yake kamar maƙabarta. Yau ga muryar jama'a."

Bibata ta ce, "Muryar jama'a ta tattake mini salati, ɗan nan."

"Inna, ƴanci sai da sadaukarwa."

"To ka fara da naka kabejin."

Kwana shida aka yi a haka. Kafin ruwa ya kai garkata sai an haɗa gutsure ukun duka, kuma mutum takwas sun saki hannu a lokaci ɗaya. Hakan bai faru ba ko sau ɗaya. Ranar Alhamis na ƙirga, mangwaro huɗu sun bushe. Saura ashirin. Na ɗauki guda na kai masa.

Ya duba shi, ya buɗe littafi, fuskarsa ta washe. "Mushe, ai shafi na hamsin da takwas ke nan. In aka cire wa mutane takunkumi, mai ƙarfi zai fara danne marar ƙarfi. Ga shi a rubuce. Ashe har mun kai nan. Muna sauri."

"Tun da ka san zai faru, don me ka yi?"

"In ba mu bi ta shafi na hamsin da takwas ba, ta ina za mu kai na saba'in?"

Juma'a ta biyu muka kai shafi na saba'in. Ya zo da kile, sifanar kwance inji, a aljihu. Ya ce iko in ya taru a hannu ɗaya lalacewa yake yi, sai a raba shi gida uku, kowane gida ya tsare ɗan'uwansa. Muna kallo ya kwance bujin motopom, filogin da yake ba shi wuta. Ya zare igiyar da ake naɗawa a ja a tayar da shi. Ya naɗe tiyo. Igiya ya ba Baba Labo, tsohon masunci mai noman albasa. Tiyo ya ba Alfari mai tumatir. Buji ya ba Bibata. Ya sa suka ɗaga hannu suka yi alkawari.

Ya ce mata, "Inna, wannan amana ce. Ko ni na zo na ce ki ba ni, kada ki ba ni."

Ta ƙulle shi a bakin zanenta, inda take ƙulle goro.

Shi kansa bai ɗauki komai ba sai usur, wanda ya rataya a wuya. Ya ce Perzidan alama ce kawai. Sannan ya ƙara sashe na talatin da huɗu, na ƙarshe: ba a canja kundin nan, ba a soke shi, sai masu iko ukun sun zauna a kan tabarma ɗaya sun yarda.

Na ɗaga hannu, kamar yadda tsarin ya tanada. Na ce, "Safiyanu, Labo da Alfari ba sa gaisawa."

Kai ma ka sani, ranka ya daɗe, domin sau biyu maganar tana zuwa gabanka. Shekara tara ke nan, a kan bishiyar lemo da gindinta yake garkar Labo, rassanta suna garkar Alfari. Liman ya gwada, kai ka gwada, surukansu sun gwada.

Safiyanu ya ce, "Ai shi ya sa na zaɓe su. Abin tsoro shi ne masu iko su haɗa baki."

Washegari na tafi wajen Labo da kwalbata. Ya rataya igiyar a wuya, yana cire ciyawa. Ya ce, "Mushe, ga igiya, ba na hana ka. Amma ka gaya wa wancan mutumin ya fara kawo tiyo." Na tafi wajen Alfari, taki arba'in. Ya ce, "Ka gaya wa wancan, tiyo ba ya jiran igiya. Igiya ce ƙarama." Na koma. Labo ya ce, "Ƙarama? Ya ja tiyonsa mu ga ko inji zai tashi." Sau bakwai na yi wannan zirga-zirga, kuma duk abin da suke ba ni saƙonsa suna jin juna, domin taki arba'in ba nisa ba ne. Wajen azahar na samo mafita: su zo tare, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Suka zo. Aka haɗa tiyo, aka naɗa igiya. Sai aka nemi Bibata. Ɗiyarta ta haihu a Karakara, ta bi motar safe. Buji yana bakin zanenta.

Na ce, "Abu mai sauƙi. Ga kasuwa can, a sayo wani bujin."

Safiyanu ya hura usur. "Mushe, ka san sunan abin da ka faɗa yanzu? Juyin mulki."

"Buji ne."

"Bujin da ba a rantsar ba. Yau ka sayo buji, gobe wani ya kwance igiyar akuyarsa ya zo ya tayar da inji. Ina tsari?"

"To ina zan kai kukana?"

Ya buɗe littafi, ya rufe. Ya ce gaskiya ne, jamhuriya ba ta zama ba kotu. Ya ce a cikinmu ba wanda ya kai ni ilimi da riƙon gaskiya, saboda haka ya naɗa ni alƙali. Aka tafa. Na ce to, na shigar da ƙara.

Ya ce, "Wa ke ƙara?"

"Ni."

"Wa zai saurara?"

"Ni."

"Haba Mushe. Kai da kanka ka san alƙali ba ya shari'ar kansa. Sai dai ka jira a naɗa wani."

"Yaushe?"

"In masu iko uku sun zauna a tabarma ɗaya."

Masu garka kusa da ruwa suka koma guga da bokiti, suna gunaguni, amma shukarsu tana sha. Ni shekarata sittin da bakwai, kuma na faɗa maka yawan takin. Na samo bido biyu, jarkokin roba. Da safe in yi sawu uku, da yamma biyu, in bayana ya yarda. Ruwan bai isa mangwaro ashirin ba, sai na zaɓi waɗanda zan ba da waɗanda zan wuce. Ban taɓa yin haka a aji ba. Matata Zuhura tana shafa mini man zafi ta ce, "Malam, shekara talatin da huɗu kana koya wa ƴaƴan mutane karatu, yau ɗaya daga cikinsu ya koya maka dako."

A rana ta huɗu kabejin Safiyanu ya fara ƙonewa, sai ya gano cewa ƙasa tana cikin halin gaggawa. Ya hau kabu-kabu ya tafi Karakara da kansa. Mai babur ɗin ne ya ba mu labari. Ya tarar da Bibata a tsakar gida tana dama kunun mai jego, mata cike da gidan. Ya yi barka, ya ce ya zo karɓar buji da sunan jamhuriya.

Ta ce, "Ba kai ka ce ko kai ka zo kada in ba ka ba?"

"Inna, wancan lokacin zaman lafiya ne."

"Ni ba ka faɗa mini lokaci ba."

"Ni ne fa Perzidan."

"Kai ka ce alama ce. Zauna ka sha kunu."

Ya sha kunu ya dawo. Da ya iso ya tara mu ya ce ya je ne ya jarraba ta, kuma ta ci jarrabawa. Ya ce ƙasashe da yawa da ya sani ba su da ma'aikaci irinta.

Bibata ta dawo ranar Litinin bayan suna, kwana tara da tafiyarta. Mangwarona sun koma goma sha ɗaya. Na ce a tayar da inji yanzu-yanzu, ga buji, ga igiya, ga tiyo. Safiyanu ya ce a'a. Ruwan farko na sabon tsari ba a sha shi a ɓoye kamar na sata. Sai Juma'a, a gaban manya, domin tarihi ya shaida. Na ce masa kogi ya ja baya a makon biyun nan, a duba bakin tiyon da yake tsotso ko har yanzu yana cikin ruwa. Ya tambaye ni ikon wa ke nan a cikin ukun. Na ce ba na kowa ba. Ya ce to ba wanda zai taɓa, kada a shiga hurumin wani. Kafin Juma'a biyu suka ƙara tafiya. Saura tara.

Abin da ya biyo baya kana wurin, amma zan rubuta domin ya zauna a takarda. Ya gayyato ka, ya gayyato liman, da malamin gona, da masu garkokin maƙwabta. Ya aro kujeru daga gidan biki. Ya sa babbar riga fara mai aiki. Ya yi jawabi na minti arba'in da biyar, inda ya ce a wannan rana Gaya za ta nuna wa duniya yadda ƴantattun mutane suke mulkin ruwa ba tare da katako ba. Ni ban ji jawabin duka ba, domin ina can garkata riƙe da bakin tiyo a gindin mangwaron da ya fi jigata. Bibata ce ta cike mini abin da ban gani ba, kuma na tambayi mutum uku sun tabbatar.

Bibata ta kwance buji aka ɗaura. Labo ya tsaya yana kallon gabas, Alfari yana kallon yamma. Da aka zo haɗa gutsuren farko da na biyu, daidai gaban kujerunku, aka nemi robar ɗauri.

Alfari ya ce, "Tiyo aka ba ni. Ba a ba ni roba ba."

Labo ya ce wa iska, "A gaya wa wancan, roba dangin tiyo ce."

Alfari ya ce wa iska, "A gaya wa wancan, abin ɗauri dangin igiya ne."

Safiyanu ya yi murmushi ga baƙi. Ya ce wannan ma darasi ne: inda iko biyu suka kasa haɗuwa, shugaba shi ne mahaɗa. Ya naɗe hannun riga, ya tsuguna, ya riƙe bakin gutsure biyun da hannunsa. Ya sa usur a baki ya hura. Labo ya ja igiya.

Injin ya tashi. Bakin tsotsonsa yana kwance a cikin laka, kamar yadda na faɗa ranar Litinin. Ya yi tari sau biyu, ya kumbura tiyo, sannan ya aiko da abin da ya samu. Mahaɗa ta riƙe na ɗan lokaci, a faɗin gaskiya. Daga nan gutsuren farko ya kuɓuce, ya fara da fuskar Safiyanu, ya gangara kan rigarsa, sannan ya miƙe ya bi layin kujeru daga dama zuwa hagu. Liman ne ya fara samu, sai malamin gona, sai kai. Da ya kai ƙarshen layi ya dawo.

Safiyanu ya tofar da usur da laka ya ce a kashe.

Labo ya ce, "Ni ikona na tayarwa ne."

Alfari ya ce, "Ni nawa ga shi can yana aiki."

Bibata ta ce, "Buji da zafi ba na taɓa shi. Kuma ka ce kada in ba kowa."

Sauran suka ce su ƴan ƙasa ne kawai, ba sa shiga hurumin wani. Sashe talatin da huɗu ne a kundin, babu guda da ya ce ga mai kashe inji. Ni da na san inda makashinsa yake, ina nesa da taki ɗari uku da goma sha biyu. Abin da ya iso wurina ta bakin tiyo shi ne laka cikin moɗa ɗaya, da kwaɗo. Da na ji ƙarar injin ta canja na taho da iyakar saurina. Ina tsakiyar garkar Alfari ya yi wata ƙara kamar an taka gwangwani, ya yi hayaƙi, ya yi shiru.

Kana goge fuska da bakin rawani ka tambayi Safiyanu, "To, Perzidan, sai me littafin ya ce?"

Ya zaro shi daga aljihu, yana ɗigar laka. Ya buɗe shafin ƙarshe ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ranka ya daɗe, nan nawa ya tsaya. Sauran yana wajen mai shi."

An yi dariya, ban yi ba. Labo da Alfari ma sun yi, kowa yana kallon nasa gefen. Ka ce kowa ya tafi gida ya yi wanka, a mayar da allo inda yake. Makanike ya duba injin ya ce sai an aiko da kaya daga Doso, mako uku in an yi sa'a. Yau da nake rubutu mangwarona bakwai ne.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Ranar Lahadi na tarar da Safiyanu a garkarsa, na buɗe masa kaye, na karanta masa sashe na goma sha biyu har inda aka ja layi.

Ya ce, "Mushe, ai jamhuriya ta rushe. Kowa ya gani."

"Wa ya rushe ta?"

"Ta rushe da kanta."

"Sashe na talatin da huɗu bai san wannan ba. Ya ce sai mutum uku sun zauna a tabarma ɗaya. Sun zauna?"

"To ni na yi murabus."

"Babu sashen murabus. Na tuna maka ranar shifta, ka ce ba za a bukata ba."

"To ka kai ni kotu."

"Ni ne kotu. Ba na shari'ar kaina, shi ya sa zan kai wa Maigari."

Ni ban zaɓi wannan tsari ba, ni kaɗai ma na ƙi shi. Amma an yi zaɓe an rinjaye ni, na bi. Da aka ce kada in sayo buji ban saya ba, alhali ga kasuwa. Da aka ce in jira Juma'a na jira. Mangwaro goma sha bakwai na bayar ina biyayya ga dokar da ba tawa ba. Dokar da ta ɗaure ni lokacin da take cutata, ba za a kwance ta ba ranar da ta juyo kan mai ita. Wannan na koya wa yara shekara talatin da huɗu, kuma Safiyanu ya ji shi sau biyu.

Saboda haka ina neman abu uku. Na ɗaya, Safiyanu ya ɗebo ruwa daga kogi zuwa garkata, bido ɗaya ga kowane mangwaro, Litinin da Alhamis, har injin ya dawo ko ruwan sama ya sauka. Na biyu, ya ɗauko shi a kansa, yadda yake a rubuce. Ya riga ya fara maganar amalanke da jaki, kuma babu jaki a sashe na goma sha biyu. Na uku, ya kankare fentin da ya shafa wa allona. Fenti mai mai ne, na gwada da ruwa bai fita ba. Ba na neman komai a kan goma sha bakwai da suka tafi, domin kundin bai yi maganar matattu ba, kuma ba zan ƙara masa abin da babu ba.

Ina roƙo ka yanke hukunci kafin Juma'a, ga dalili. Tun ranar Lahadi Safiyanu bai zauna ba. Da safe yana gidan Labo, da yamma yana gidan Alfari. Ya kai wa wannan goro, ya kai wa wancan sukari. Ya auna bishiyar lemon da igiyar motopom, ya kawo shawarar shekara ɗaya ta wannan, shekara ɗaya ta wancan. Abin da liman ya kasa, kai ka kasa, yana neman ya yi shi cikin mako ɗaya. Shekaranjiya Alfari ya yi atishawa a masallaci, aka ji Labo ya ce masa yarhamukallahu. Jiya kuma Zuhura ta ga Safiyanu a kasuwa yana taya tabarma, babba, mai cin mutum uku.

Ni ba na ƙin sulhu tsakanin Musulmi, Allah shi ne shaida, shekara tara ina yi musu addu'arsa. Abin da nake roƙo kawai, ranka ya daɗe, in za su shirya, su bari sai damina ta sauka.

Naka mai biyayya, Yunus, malamin lakwal mai hutawa, alƙalin Jamhuriyar Garka har zuwa yau.